Akwatin da Na Kafa wa Ɗan Kawuna a Kunne

Warin waya idan ta ƙone a cikin lasifika ba ya kama da warin komai. Na fi shekara ashirin ina buɗe akwatunan sauti a wani ɗan shago a Adjamé, bayan layin masu sayar da tsofaffin rediyo, kuma ina jin warin nan tun daga bakin titi, kafin mai akwatin ya sauke shi daga baro. Kafin ya buɗe baki ma na san wanda ya yi kisan. Za su ce ruwan sama ne, za su ce wuta ce ta yi rawa. Ƙarya suke yi, dije ne, mai sa kiɗa a wurin biki.

A nan Abijan kayan kiɗan biki gaba ɗaya sono muke ce musu: akwatunan, da ampili mai ba su ƙarfi, da teburin da dije yake tsayawa a bayansa. A kan teburin akwai maɓallai uku da suka hana ni barci shekara da shekaru. Na ƙasa na basi ne, wato kaurin sauti mai dukan ƙirji. Na tsakiya na murya ne. Na sama kuma na egi, siririn sautin nan mai kama da ƙarar cokali a bakin kwano. Wanda ya ƙera su ya yi su ne don a rage abin da ya yi yawa. Dijen garin nan kuwa gani yake an sa masa su don ya murɗe har sai sun ƙi tafiya. Akwai mai kashe basi gaba ɗaya, ya bar mata suna jira da ƙugu a sama, sannan ya sako shi lokaci guda, takardar lasifika ta yi tsalle ta yage. Akwai wanda idan jar fitila ta kama a kan tebur sai ya yi murmushi, a zatonsa ado ne. Na taɓa tambayar wani me jar fitilar take nufi, ya ce mini alama ce kiɗan ya nuna. Ban mare shi ba, amma na yi tunanin hakan.

Duk cikinsu mutum ɗaya ne ban taɓa yi wa wannan zagin ba, ɗan kawuna. Mahaifinsa yayan mahaifiyata ne, tare suka zo daga Nijar suka zauna a kan cinikin albasa. Ni ɗan mace, shi ɗan namiji, saboda haka taubasai ne mu, abokan wasa. Wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da wannan yake nufi: duk abin da ɗayanmu ya ga dama ya faɗa wa ɗayan, a gaban kowa, kuma ba a fushi. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi, shi za a yi wa dariya har a gidan suna. Ya girme ni da shekara biyar. Tun muna yara yake ce mini bawana, ni ma in ce masa bawana, har yau ba a raba gardamar ba.

Shi ne dijen da matan Hausawa suke nema tun daga Adjamé har Treichville. Ya san wace gwaggo ce ba ta tashi sai an sa mata kiɗan gida, ya san lokacin da zai juya wa 'yan ƙabilar Dioula nasu, ya san lokacin da zai saki kupe-dekale, kiɗan rawar matasan Abijan, 'yan mata su zubar da takalma. Amma abin da ya fi kowa da shi kunne ne. Yana tsallaken titi yana sayen ruwa zai ɗago hannu ya ce akwatin hagu an juya masa waya, in je in duba in tarar haka ne. Hannunsa a kan maɓalli kamar mai zuba gishiri a miya, kaɗan-kaɗan. Shi ya koya mini sauraro, gara in faɗa tun yanzu. Shi ya fara cewa masu biki su ɗauki sonona lokacin da akwati biyu kawai gare ni, waɗanda na haɗa da hannuna.

Sai wata shekara hannun nan ya fara nauyi a kan maɓallin sama. Da farko kaɗan ne, in zo in rage idan ya juya baya. Daga baya ya zama ko na rage, kafin in kai ga kujerata ya mayar. Twita, wato ƙaramar lasifikar da take fitar da siririn sauti, wayar cikinta ba ta kai kaurin gashi ba, ba ta jure wannan. A wata guda ya ƙona mini uku. Na yi masa magana, ya ce kayana ne suka tsufa, sautinsu ya dushe kamar an rufe su da bargo.

Ranar da abin ya kai mini iya wuya wata Alhamis ce a Treichville, bikin 'yar wani mai harkar fito da kaya a tashar jiragen ruwa. An tare titi da rumfuna, an jera kujeru, bayan la'asar mata suka cika wurin da shadda da turare. Ya fara kiɗa, ya kai egi ƙarshe. Na ga tsofaffi suna tura gefen gyale cikin kunne. Wata mai goyo ta tashi ta bar wurin. Uwar amarya ta aiko a ce a rage, ya ɗaga mata babban yatsa ya ci gaba. Ba a yi rabin awa ba na ji warin nan, akwatunan dama biyu suka rasa samansu, kiɗan ya koma kamar ana yin sa a cikin randa.

Ya ɗauki makirfo. Ina tsugune a bayan akwati da sukudireba a baki na ji shi.

"Jama'a ku yi haƙuri, ba laihina ba ne. Kun ga wanga bawa nawa? Da akwatin albasar tsohonshi ya haɗa sono. In kun ji wari, albasa ce ta soyu!"

Wuri ya ɗauki dariya. Mata suna nuna ni da mafici. Wata ta ce a ba ni mai in ƙarasa suyar. Na miƙe na yi dariya ni ma, na ɗaga hannu, domin abin da ake jira in yi ke nan. A cikina kuwa wuta ce. Akwatunan nan ni na yanka katakonsu, ni na naɗe wayarsu, kuma shi ya fi kowa sanin haka. Har aka tashi ana ce mini mai albasa, sunan ya bi ni wata da watanni.

Bayan kwana uku ya zo shagona da rana, ya zauna a kan benci da kwanon garba, wato dambun rogo da soyayyen kifi, yana ci, kamar ba abin da ya faru. Ina gwada sabuwar twita a lokacin. Akwai wata siririyar ƙara da muke sakawa don gwaji, tsinin sauti zalla, mai shiga haƙori. Na kunna ta da ƙarfi. Telan da ke maƙwabtaka da ni ya buga bango yana zagina da Dioula. Kyanwar shagon ta fita da gudu. Ɗan kawuna yana zaune taku biyu daga lasifikar, yana cire ƙaya daga kifi, ko gezau.

Na kashe, na sake kunnawa, na ƙara. Ya ɗago ya ce, "Yaushe za ka kunna abin naka mu ji?"

Na zagaya ta hagunsa na yi magana a hankali, bai juyo ba. Na koma ta damansa na maimaita, ya amsa. A nan na gane komai. Shekarun da ya yi a gaban akwatuna sun cinye masa saman kunne, na hagu ya kusan tafiya, na dama ne yake riƙe da shi. Ba mugunta ce take sa shi murɗa maɓallin ba, neman abin da ya ɓace masa yake yi. Abin da ya kamata in yi a ranar ba shi da wuya: in rufe shago, in zaunar da shi, in gaya masa, in kai shi wurin likita. Na dube shi yana lashe yatsa, na tuna dariyar matan Treichville, na ce masa twitar ba ta da kyau, gobe zan mayar.

Na so in daina ba shi sonona. Na faɗa wa mahaifiyata, ta ajiye carbinta ta dube ni.

"Ɗan yayana za ka kora? Wanda ya ɗora ka a hanya? In ka yi haka kada ka sake zuwa gaishe ni."

"Inna, kayana yake ƙonawa."

"Kaya ake gyarawa. Kai ba mai gyara ba ne?"

To, na gyara. Na kwana biyu da teburin a buɗe a gabana, na raba hanyar sauti gida biyu. Hanya ɗaya ta bi ta ƙarƙashi, ba ta taɓa maɓallansa ba, ta wuce wani ƙaramin ekwaliza, na'urar daidaita sauti, da na ɓoye a ƙasan akwatin ampili bayan wani katako, daga nan ta tafi manyan akwatunan da jama'a suke ji. Wannan ni na daidaita shi da kunnena na rufe. Ɗaya hanyar kuwa, wadda take bi ta maɓallansa uku, ba ta zuwa ko'ina sai akwati guda, ritur, wanda ake ajiye wa dije a gefensa don ya ji abin da yake yi. Duk abin da ya murɗa, kansa ya murɗa wa.

Da a nan na tsaya, da yau ina iya cewa dabara ce ta mai tsare sana'arsa. Ban tsaya ba. Na san ritur ɗin ma zai ƙona shi, sai na cire twitarsa na sa wani ƙahon ƙarfe da na saya a wurin masu kwance kayan tsofaffin jirage, irin wanda ake kiran ma'aikata da shi a cikin hayaniyar inji. Wannan ko an kwana ana murɗa shi ba ya ƙonewa. Na yi wa akwatin ƙafa ta ƙarfe ya kai daidai tsayin kansa. Da muka je bikin farko, na tsaya da shi a hannu ina duban teburin, hagu ko dama. Na san wane kunne ne mai rai. Na ce wa kaina ai a hagu ba zai ji ba, zai gane. Na kafa shi a dama.

Ranar sautin titi ya fito tas, kamar an wanke shi. Tsofaffi suka zauna har magariba. Ɗan kawuna yana bayan manyan akwatuna, ba ya jin su, ƙahon nan kawai yake ji yana tsaga masa kai, fuskarsa cike da murna. Da aka tashi ya dafa kafaɗata a gaban masu ɗaukar kaya.

"Kun gani? Bawana ya fara hankali. Yau na ji egi kamar da. Shekara nawa ina koya maka, sai yau ta shiga?"

Na ce, "Ai hannunka ne, ranka ya daɗe."

Daga nan kasuwarsa ta sake buɗewa. Waɗanda suka fara gudunsa suka dawo. Ana cewa tsohon hannu ya dawo da ƙarfinsa. Ban sake jin warin waya a akwatunana ba. Shi kuma kullum sai ya ƙara murɗawa, domin abin da ya ishe shi a watan jiya ba ya isarsa a wannan watan. Da maɓallan suka kai ƙarshe, sai ya fara yi mini alama da hannu in ƙara wa ritur ƙarfi daga ampili. Maɓallin yana ƙarƙashin hannuna. Ko sau ɗaya ban rage ba.

Kuma ban iya riƙe bakina ba. Me amfanin ramuwa idan ba wanda ya sani? Na fara gaya wa mai ɗaukar bidiyo, shi ya gaya wa masu kafa rumfa, daga nan ta kai ga matasan dije, waɗanda dama suke jiran ranar da zai matsa musu. Sai ya zama idan yana kiɗa suna taruwa a bayansa. Ɗaya zai matso ya yi ihu a kunnensa, "Vieux père, tsohonmu, ƙara egi kaɗan!" Ya kama maɓallin da yatsa biyu, ya lumshe ido, ya juya shi a hankali da ƙwarewa, ya karkata kai yana sauraro, sannan ya gyaɗa. Su kuma su tafa, su ce yanzu ta zauna, su juya baya suna riƙe ciki. A titi ba abin da ya canza ko da ƙwayar gero. Ina zaune a kan akwatin ampili ina kallo, kuma daɗi nake ji. Ba zan ce raina ya sosu ba, domin bai sosu ba. Daɗi nake ji, irin na mai sosa ƙaiƙayi.

Muka yi shekara guda da rabi a haka. Wata rana muna jiran mota bayan mun sauke kaya a Adjamé, kusa da kasuwar Gouro, ya ja ni gefe. Muryarsa ta riga ta fara tashi sama yadda ta masu nauyin kunne take yi, amma ranar ya yi ƙoƙari ya sassauta ta.

"Kai, kana jin wani hito haka? Kamar gyare a cikin kai. Ko na kwanta ba ya bari."

"Wane kunne?"

Ya taɓa na dama.

Na ce, "Alhakin mutane ne yake maka kuka, bawana. Ka rage cin amana."

Ya yi dariya ya kai mini duka a ƙeya. Mota ta zo muka shiga.

Matarsa ma ta zo shagona. Mace ce mai kunya, ta daɗe tana gaisuwa kafin ta shiga magana. Ta ce ba ya jin sallama, ba ya jin kiran salla daga masallacin da ke bayan gidansu, talabijin kuma sai maƙwabta sun aiko. Ta ce ko akwai abin da na lura da shi a wurin aiki, tunda ni ne kullum tare da shi. Akwatin da ƙahon yana jingine a bayanta, gyalenta har yana taɓa shi. Na ce mata shekaru ne, kowa da yadda tsufa yake zo masa, ta dinga ɗiga masa man zaitun. Ta yi mini godiya ta tafi.

Asirin ya tonu ne a wani biki a Adjamé, ranar Lahadi da yamma, rana ba ta ko yi sanyi ba. Ana tsakiyar rawa, amarya da ƙawayenta suna fili, sai fis ɗin babban ampili ya tsinke. Manyan akwatuna suka yi shiru ɗif. Ritur kuwa ampilinsa dabam ne, bai tsaya ba. Daga fili ba a jin komai sai wani ɗan tsiyayin ƙara daga bayan tebur, kamar rediyon mai gadi.

Shi bai sani ba. Kansa yana ƙasa, idonsa a rufe, kafaɗunsa suna rawa. Ya kashe basi, ya ɗaga hannu sama yana ƙirga wa jama'a da yatsu, ya sako shi, ya yi tsalle. Ya ɗauki makirfo yana yi wa amarya kirari, yana kiran dangin ango su fito, yana cewa bai ji guɗa ba. Muryarsa tsirara take fita, ta tsufa, ta shaƙe. Mutum wajen ɗari biyu suna tsaye suna kallonsa. Aka fara yi masa ihu, bai ji ba. Sai dariya ta fara daga wurin 'yan mata ta bazu. Wayoyi suka tashi sama ana ɗauka.

Ina tsaye taku uku daga gare shi, da sabon fis a hannuna. Taɓa kafaɗarsa kawai zan yi. Na bar shi ya kai ƙarshen waƙar.

Da ya buɗe ido ya ga fili a tsaye, ya ga bakuna a buɗe, ya ga wayoyi. Ya dubi teburin, fitilu suna rawa yadda suka saba. Ya dube ni. Na sa fis, manyan akwatuna suka dawo. Ya kai hannu ya kashe basi don ya sake kama jama'a, ya ga ƙugun matan bai tsaya ba. Ya mayar, ya sake kashewa. Ya ja duka ukun ƙasa. Rawa ta ci gaba. Ya ɗora tafin hannunsa a bayan babban akwati, ya ji yana bugawa yadda yake bugawa.

Wani daga cikin matasan dijen nan ya matso, ya kafa baki a kunnensa, ya yi ihu yadda na kusa duka suka ji.

"Yako, sannu, vieux père! Maɓallanka ba su zuwa ko'ina. An fi shekara! Kowa ya sani. Tambayi ɗan gwaggonka."

Na ga maganar ta shige shi a hankali. Ya dubi maɓallan, ya dubi ƙahon da ke gefen kansa, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya dubi mutanen da suke bayansa, waɗanda suka yi wata da watanni suna tafa masa. Ya juyo gare ni. Na shirya wa mari, wallahi na so ya mare ni. Amma jama'a suna kallo, kuma kowa a wurin ya san mu taubasai ne. Sai ya buɗe baki ya yi dariya, wata irin dariya mai ƙarfi da ba ta da daɗin ji, ya nuna ni da yatsa.

"Bawana ya ci ni! Kai, wanga karo ka ci ni!"

Aka tafa masa, aka tafa mini. Ya cire abin sauraren da dije suke sawa a kunne ya ajiye a kan tebur a hankali, ya naɗe wayarsa yadda ya saba, ya ce wa matashin ya ƙarasa bikin. Ya bi ta tsakanin kujeru ya fita, yana gaisawa da mutane, dariyar tana manne a fuskarsa. Bai sake tsayawa a bayan tebur ba.

Ni na raka shi asibiti, domin mahaifiyata ta ce ni zan raka shi. Ta ji labarin, ta ce wasa ne ya yi yawa, Allah ya kyauta, ba ta ƙara ba. Ba wanda ya kira mu sulhu, tunda a wurin dangi ba a yi faɗa ba. Likitan ya sa masa abin kunne ya yi ta gwaji, sannan ya juyo gare ni, tunda ni ne mai ji. Ya ce na hagu ya lalace a hankali, irin na masu aikinsa, wannan ba abin mamaki ba ne. Na dama ne bai gane ba. Ya ce kamar an ɗauki abu an yi ta dukan sa a wuri ɗaya. Ya tambaye ni me yake ajiyewa a wannan gefen na kansa. Na ce akwatin aiki ne. Ya ce da an zo da wuri da an tsare abin da ya rage, yanzu kam ko na'ura kaɗan za ta taimaka.

Ɗan kawuna yana kallon bakinmu, daga nawa zuwa na likita. A waje ya tambaye ni me aka ce. Na rubuta masa a bayan takardar magani cewa sai haƙuri. Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu. Bai tambaye ni komai game da ƙahon ba, ranar ko bayanta.

Yanzu yana zama a rumfar albasar ƙaninsa a kasuwa, yana ɗaure bakin buhu. Idan na wuce yakan ɗaga murya ya ce bawana, mutane su juyo saboda ƙarfin muryar, ni ma in ce bawana, ya karanta a bakina ya yi dariya.

Bara ya aurar da babbar 'yarsa. Ya aiko matarsa ta ce sonona yake so, ba na kowa ba. Na kai duka akwatunana, na sa wa kowanne sabuwar waya, na zaɓi dije mai sauƙin hannu, na gaya masa idan jar fitila ta kama sau ɗaya zan karya masa yatsa. Aka tare titin gidansu bayan azahar. Da rawa ta yi zafi, amarya ta fito, sai na gan shi ya taso daga cikin maza da babbar riga, ya zagayo bayan akwatuna inda nake zaune. Ya ɗora hannu a kan katakon, ya tsaya yana kallon 'yarsa tana rawa da kiɗan da ba ya ji. Ya daɗe a haka. Sannan ya sunkuyo, ya kama hannuna, ya sa fuskarsa daf da tawa.

"Ba da wasa ba," in ji shi. "Yau ɗaya, ba da wasa ba. Sautin ya yi kyau?"

Ya yi kyau. Ban taɓa fitar da sauti mai kyan na ranar ba. Na gyaɗa kai da ƙarfi, na ɗaga yatsa, na ce wallahi, na sake cewa wallahi yadda zai gani a bakina.

Ya zuba mini ido, yana neman wani abu a fuskata. Na ga bai samu ba. Ya saki hannuna.

"To," ya ce. "Sai in yarda. Wa gare ni da zan tambaya?"